Kafin Hannun Kurciya Ya Rufe

Zuwa ga ginshiƙin ɗakina, inuwata da tsakar rana, ruwan randata mai sanyi, Baban Kurciya,

Ina gaishe ka da gaisuwar da ƙasa ke yi wa ruwan farko. Ya aiki, ya gini? An ce a wurin aikin kake kwana yanzu, a kan buhunan siminti, alhali ga katifarka ina kaɗe ta kullum. Tun ranar da ka sa ƙafa ka fita, ɗakin nan ya zama kamar rijiyar da aka janye wa guga.

Na san abin da ya kore ka, hasken idona. Ka dawo aiki da murna, ka ɗaga 'yarka ta hammata kamar yadda kowane uba ke yi, ka cilla ta sama tana dariya. Da ka sauke ta, fatarta ta saluɓe ta biyo tafinka. Ihun da ta yi bai tsorata ni kamar yadda kai ka tsorata ni ba. Ka tsaya kana kallon hannuwanka kamar na wani ne aka ara maka.

Na koma wurin likita, na ce ta yi mini bayani da bakin da zan gane, don matar magini ce ni. Ta yi murmushi ta ce to, ai na hutar da ita. Ta ce fatar mutum gini ce, ƙwayoyin halitta ne bulonta, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Kowace ƙwaya tana riƙe da maƙwabciyarta da wasu 'yan maɓallai, dukansu kuma suna zaune a kan wata siririyar shimfiɗa, shimfiɗar an ɗaure ta da naman da ke ƙasa da wasu zarurruka. Kurciya tana da bulo, tana da shimfiɗa, zaren ɗaurin ne aka haife ta da ƙarancinsa. Shi ya sa ɗinkin riga ke tasar mata da bororo. Ta ce ko hannun auduga ne ya ja ta a ranar, haka za a yi. Ka ji? Ba kantar hannunka ba ce.

Ka tuna ranar da kake yi wa ɗakin nan yaɓe, ina miƙo maka ruwa? Na ce hannunka ya fi soson ƙarfe kaushi, in na rasa na wanke tukunya zan aro shi. Ka ce in yi dariyata, hannun nan ne zai riƙe ni har tsufa. Ka nuna mini bango, ka ce bulo komai ƙarfinsa, in ba ya jingine da ɗan'uwansa, ruwa ɗaya ne zai kwantar da shi. Kai ka faɗa, ba ni ba. To yaya aka yi ka zare kanka daga bangonmu, ka bar mu a tsaye damina na tahowa?

Ba zan ɓoye maka ba, tauraron asubata. Ciwon da ke hammatarta ya warke, amma akwai wanda ya fi shi. Yatsunta, da yake kullum a saluɓe suke, sun fara warkewa a manne da juna. Abin da ya kamata ya riƙe ya saki, abin da ya kamata ya rabu yana haɗewa. Ƙaramin yatsan hagu ya riga ya kama na kusa da shi daga gindi. Likita ta ce sai an riƙa naɗe kowane yatsa daban, kullum, in ba haka ba hannun zai dunƙule kamar ƙullin tsumma, ba zai ƙara buɗewa da kansa ba.

Aikin mutum biyu ne, wani ya riƙe, wani ya naɗa. Ƙanwata ta gwada, Kurciya ta yi ta fizga har ta ƙara jin ciwo. Ba ta natsuwa sai da wannan gunjin da kake kira waƙa, wanda nake cewa yana korar kaji. Na gwada kwaikwayonsa, ta kalle ni, ta juya tana kallon ƙofa.

Ka dawo, sanyin zuciyata. Zan koya maka ɗaukarta: hannu ɗaya a ƙarƙashinta, ɗaya a bayan wuya, ba ja, ba gogawa, kamar ɗanyen bulo da bai sha rana ba. Wa ya fi ka sanin wannan ɗauka? Na juya rigarka baibai don kada ɗinki ya taɓa ta, tana rataye a ƙusa. Ga man shafawa a bakin taga.

Yau da safe na sa yatsana a tafinta da ya fara dunƙulewa, ya shiga, amma da ƙyar. Naka ya fi nawa kauri. Ka zo tun yana shiga.

Taka, wadda ba za ta sake ka ba ko fatarta ce za ta biyo hannunka,
Maman Kurciya