Layin Yashi a Kan Fiffike

Taiki, 9 ga Oktoba

Maigida Hayasaka,

Ina gaisuwa, da fatan gwiwar ta yi sauƙi duk da shigowar sanyi.

Jirginmu na gwaji ya faɗi ranar Talata, wannan marar matuƙi, marar wutsiya, fiffike zalla. Ya tashi lafiya, da ya zo juyawa sai ya kife cikin gonar dankali. Dakta Minegishi, wadda ta zana shi, ta sunkuya gaban kwamiti ta ce kuskuren lissafinta ne. Ƙarshen wata za a karɓe aikin daga hannunta.

Maigida, ba lissafinta ba ne. Ga abin da ke littafina: "Litinin, 4:10, na ji kaushi a goshin fiffike, na goge." Ashe layin yashi ne ta manna da gangan, don iska ta riƙe jikin fiffiken. Ban tambaya ba, har hatimina na buga, shaidar aiki ya yi daidai. Kullum sai ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Kuramochi-san," ni kuwa ina kallon takalmina.

Ka huta lafiya.
Yaronka, Shinzo Kuramochi

Sendai, 13 ga Oktoba

Kai Shinzo,

Gwiwa tana nan, ta ma fi kanka lafiya.

Ni na koya maka goge jikin jirgi har ya yi santsi, ni na riƙa ƙwanƙwasa maka kai in yatsana ya ji ƙwaya ɗaya, don haka rabin kunyar tawa ce. Amma ni ka rubuto wa? Ni ne kwamitin? Ɗauki littafin nan da kake rubuta har lomar shinkafar da ka ci, ka kai mata. Kada ka yage shafin, na san halinka.

Ka sa rigar sanyi.
Hayasaka

Taiki, 20 ga Oktoba

Maigida,

Na gode, na kai. Minti shida na yi a bakin ƙofa. Ta karanta sau biyu, ta ce, "Wato lissafina daidai ne?" Sai ta zauna ta rufe fuska. Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Kwamiti ya bar mata aikin. An karɓe hatimina har bazara.

Jiya ta miƙo mini kwalbar yashi, ta ce in manna layin a sabon fiffike. Na manna. Duk sanda na gifta ta wurin, hannuwana suna cikin aljihu.

Ka huta lafiya.
Shinzo