Ni Ne Nake Kashe Injin Ruwan Inna

Assalamu alaikum warahmatullah. Mai kula da wannan shafi, Allah ya saka maka da alheri, don girman Allah a sakaya sunana. Ku kuma masu karatu, na san akwai masu zafin baki a cikinku, ina roƙo ku bari ku kai ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Duk zagin da za ku yi mini na riga ku yi wa kaina, shawara na zo nema.

Ni magidanci ne a Sakkwato, shekarata arba'in da shida, hatsi nake sayarwa a kasuwa, ina zaune a Arkilla da iyalina. Mahaifiyarmu, Inna, tana Minanata, a gidan da Baba ya rasu ya bari. Ni ne ɗan farinta, kuma duk wanda ya tashi a gida irin namu ya san abin da hakan yake nufi. Tun da nake, Inna ba ta taɓa kama sunana ba. "Kai wancan" ne, in kuma labarina take ba wani, "mai hatsin nan". Kunyar ɗan fari ce, na sani, ba ni aka fara yi wa ba. Shekara tara ke nan da rasuwar Baba, kullum kafin in wuce kasuwa sai na biya gidan na kunna mata injin ruwa, na tsaya tanki ya cika, na kashe. Da yamma in sake biyowa in kunna fitilun tsakar gida, in duba ko akwai abin da ya ƙare. Abin da take ce mini bai wuce, "Ka zo? To." Kuma wallahi da can bai taɓa damuna ba.

Sai autanmu, bari in kira shi Bashir, ya zo hutun Babbar Sallah daga Abuja inda yake aikin injiniya, mota cike da kwalaye. Kwana huɗu ya yi yana hawa yana sauka. Ya ƙara mata sola, ya kafa wani ɗan akwatin intanet a falo, ya haɗa komai da wata manhaja a waya. Ƙarfe bakwai na safe injin ruwa ya tashi da kansa, tanki na cika ya mutu. Ana kiran magariba fitilu su kama. Zafi na ƙaruwa fankar ɗakinta ta fara juyawa. Har da wata 'yar na'ura mai magana da ke tuna mata maganin hawan jini, da muryarsa ya ɗauka. Manhajar kuwa a waya biyu kaɗai ya sa ta, tasa da ta Inna. Da na ce tawa fa, sai ya yi dariya ya dafa kafaɗata: "Haba Yaya, ai don ka huta na yi. Ba sai kana wahalar da kanka kullum ba." In huta? Wa ya ce masa na gaji?

Daga ranar kunnena bai sake hutawa ba. Injin ya tashi, "Allah shi yi ma Bashir albarka." Fitila ta kama, "Bashir, Allah shi ji ƙan bayanka." Maƙwabta su shigo ta jawo su ɗaki su ga fankar da ta san zafi. Ina zaune a wurin fa! Na zo da safe kamar yadda na saba, in tarar tanki ya cika, ba abin da zan taɓa, sai in tsaya a tsakar gida kamar baƙon da ya ɓata hanya. Wata rana har ta ce, "Ka daina wahala da mai, abin Bashir na yi." Na hau babur na wuce kasuwa. Ni da na yi shekara tara ina tsayuwa a gindin tankin nan, ban samu albarka ɗaya da sunana ba, shi kwana huɗu ya kwashe duka? Kishi ne, ba zan ba shi wani suna ba. Ƙato da ni, mai 'ya'ya shida, ina kishin ƙanena da wani akwati.

Lokacin da yake saitawa na tsaya a bayansa na ga inda yake dannawa. Wayar Inna kuma ba ta da makulli, a kan darduma take barinta in ta tafi alwala. Wata Talata na biyo da azahar, ta shiga bayi, na ɗauki wayar, na shiga manhajar, na kashe tsarin injin ruwa na ajiye. Ko minti ɗaya ban yi ba. Washegari da safe na zo na tarar tanki wayam, Inna na tsaye da buta a hannu. Na je na kunna injin da hannuna, ruwa ya fara zuba, ta ce, "Sannu. Gara da ka zo." Jama'a, kun san daɗin da na ji? Har kasuwa ina murmushi ni kaɗai.

Da rana Bashir ya kira ni ta bidiyo. "Yaya, don Allah taimaka mini, duba fitilar akwatin nan, kore ce ko ja?" Na ce kore. "To zare shi daga wuta, ka ƙirga goma, ka mayar." Na zare, na ƙirga, na mayar, ina ta gyaɗa kai kamar abin ya dame ni. Ya gyara daga can, kwana biyu komai lafiya, na sake kashewa. Wani lokacin injin, wani lokacin fitilu, sau biyu fanka. Na maganin dai ban taɓa taɓa shi ba, Allah shaida, kuma da wannan nake lallashin kaina cewa ai ban cutar da kowa ba. Wata biyu muka yi a haka. Ya ce ko sabis ne, muka sauya layi. Ya ce ko batir ne ke sauka, ya sa na karanta masa lambobin jikin inbata, na'urar da ke raba wutar solar, safe da yamma. Ya ce ko zafin Sakkwato ne ke dafa akwatin, muka cire shi daga kusa da taga. Ya sa na hau tanki cikin rana tsaka na goge ɗan abin da ke auna ruwa. Har sabon akwati ya aiko ta mota, ni na je tasha na karɓo. Kullum sai ya rufe da cewa, "Yaya, ba don kai ba ban san yadda zan yi ba." Ni kuma in ce, "Ba komai, kayan Bature ne, sai haƙuri." Kai, na iya munafunci!

Abin da ban sani ba shi ne manhajar tana rubuta duk abin da aka taɓa, da lokacin, da wayar da aka taɓa da ita. Ranar wata Lahadi ya kira ni, muryarsa a sanyaye, ya ce in fita waje inda Inna ba za ta ji ba. Na ce a raina shi ke nan, asirina ya tonu. Sai ya ce, "Yaya, ba na'ura ba ce. Na duba, duk daga wayar Inna ake kashewa, kuma kusan kullum wajen azahar. Na tambaye ta, ta rantse ba ta taɓa ba. Yaya, ina tsoron Inna ta fara mantuwar tsufa. Ka tuna haka Goggo ta fara." Goggo yayar Inna ce, wadda ta kai har 'ya'yanta ba ta ganewa kafin ta rasu. Yana faɗa yana kuka. Nan ne ya kamata in buɗe baki, ko ba haka ba? Wallahi maganar ta zo har maƙogwarona. Abin da ya fito shi ne, "Allah ya sawwaƙe."

Ya sa aka cire manhajar daga wayarta. Tun daga ranar komai ke aiki tiryan-tiryan, injin da fitilu duka. To ina zan taɓa? Shi kuwa wannan ya zame masa hujja: an raba ta da manhajar, matsala ta kau. Ya gaya wa ƙannena mata, suka gaya wa mazajensu, magana ta zaga dangi. Yanzu kowa ya zo gaishe ta sai ya gwada ta: Inna yau wace rana? Inna kin gane ni? Matar da ta haddace ranar sunan kowane jika, ita ake tambaya ko ta ci abinci. In ta ajiye carbi ta neme shi, abin da kowa ke yi, sai a kalli juna. Ta daina zuwa makarantar matan unguwa. Ta daina kama girki, wai kar ta bar wuta. Sun yanke Bashir zai zo ranar Asabar ya tafi da ita Abuja ganin likitan ƙwaƙwalwa, kuma ta zauna can wurinsa, don a cewarsu bai dace a bar ta ita kaɗai ba. Inna da ko kwana biyu ba ta iya yi a wani gari sai ta ce gida.

Jiya bayan la'asar na same ta zaune a bakin gado, ta fito da zannuwanta tana ninkewa. Ta ce in zauna. Ta ce, "Saurara mini, in na yi kure ka gyara." Ta karanta Tabaraka tun daga farko har ƙarshe, ko harafi ba ta tsallake ba. Na ce daidai ne, Inna. Sai ta ɗago ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta yi, ta ce, "Kai ka fi kowa zama gidan ga. Tsakaninka da Allah, ka taɓa ganina ina taɓa wagga waya? Ni dai ban tuna ba. Na yi ta nema cikin kaina, ban gani ba." Na sunkuyar da kai na ce, "Ban lura ba, Inna." Sai ta ce, "To in kai ma ba ka iya shedata, ashe gaskiya suka hwaɗi." Ta ci gaba da ninke zaninta.

Ban iya cin abinci ba tun jiya. In na faɗa, Bashir ba zai ƙara yarda da ni ba har abada, dangi su tofa mini yawu, 'ya'yana su ji abin da ubansu ya aikata. Wannan duk da sauƙi. Ita fa? Da wane baki zan ce mata, Inna lafiyarki lau, ni ne na bari kika yi mako uku kina zargin hankalinki, saboda kina sa wa ƙanena albarka? In ta buɗe baki ta faɗi kalma ɗaya a kaina cikin ɓacin rai, ina zan sa kaina duniya da lahira? In kuma na yi shiru, jibi Bashir zai iso, a sa ta a mota a raba ta da ɗakinta, ta tafi tana ganin kanta mai taɓin ƙwaƙwalwa, alhali ni kaɗai na san ƙarya ne.

Yau Alhamis. Bashir ya ce da safe zai kamo hanya ranar Asabar, kuma ni ya roƙa in taya ta ɗaure kaya. Don Allah jama'a, ku gaya mini gaskiya ko da za ta yi mini zafi: me zan yi?