Koren Ruwan Yaya Muttaka

Litinin, 28 ga Yuli, 2025

Na leƙa gidan Yaya Muttaka a Ƙofar Guga. Ya zuba karfasa a tankin siminti na bayan gida, yana ta kukan tsadar abincin kifi. Ni kuwa bakina ba ya shiru. Na ce ya sa kashin kaji ruwan ya yi kore, gansakuka abinci ce gare su, kuma iskar oksijin take fitarwa. Ya ce, "To Dakta ta yi magana." Ko digiri na biyun ban gama ba, amma wallahi na ji daɗi.

Alhamis, 7 ga Agusta

Ɗakin gwaji tun safe. Gansakukar da nake bincike a kanta tana cikin kwalabe ƙarƙashin fitila, ina auna gilaikolet, sinadarin da take zubarwa idan haske ya yi ƙarfi, oksijin ya yi mata yawa. Sakamako ya yi kyau. Yaya ya turo hoto, tanki ya yi kore shar kamar miyar kuka.

Laraba, 13 ga Agusta

Kifin sun mutu. Da asuba ya same su birjik a saman ruwa, baki buɗe. Kaɗan suka tsira.

Alhamis, 14 ga Agusta

Yaya ya ɗora wa matarsa, Anti Lailatu, laifin. Wai ranar Talata ta yi wanki kusa da tankin, ruwan omo ya shiga. Ta rantse, ya ce ta rufe masa baki. Ina tsaye a wurin.

Na san abin da ya kashe su. Gansakuka tana numfashi kamar mu. Da rana tana ba da iska fiye da wadda take sha, cikin duhu kuwa sha kawai take yi. Ga hadari ya rufe gari tun Lahadi, ba rana. Gansakukar ce ta shanye iskar ruwan. Wannan karatun aji ɗaya ne. Amma fitilar kwalabena ba a kashe ta, tawa gansakukar ba ta san duhu ba, ni ma sai na manta da shi.

Na ce Allah Ya mayar da alheri, na ɗauki jakata.

Asabar, 16 ga Agusta

Anti ta tafi gidansu, Ƙofar 'Yandaka. Ba kifin ne ya yi mata ciwo ba, rantsuwar da ya ƙi karɓa ce. Ita ce fa ke ajiye mini dambu duk Juma'a. Kunya nake ji, tsoro kuma ya fi kunyar. Idan na faɗa, shike nan, Daktan gida ta zama abin dariya.

Litinin, 18 ga Agusta

Na lulluɓe kwalba ɗaya da baƙin ƙyalle, wai ko lissafina ne ba daidai ba. Oksijin ya yi ta sauka a gabana. Ban iya cin abinci ba.

Talata, 19 ga Agusta

Na samu Yaya yana wanke tankin. Ya ce, "Dakta, mi ke tahe da ke?" Na ce ya daina kirana haka, sunana Zulaihat. Sauran maganar ban san yadda ta fito ba, amma ta fito: shawarata ce ta kashe kifin, ba omo ba.

Ya ajiye tsintsiya. Na so ya zage ni, bai zage ni ba. Ya shiga ɗaki ya sa hula, ya turo mashin.

"Hau. Gabanki na ƙaryata ta, gaban uwayenta za ki hwaɗa."

Na hau.