Azumi Bakwai a Gonar Albasa

Daren Asabar, 9 ga Maris

Yau na shiga gonar albasar Malam Iro da babur, ba ko sallama. Ni na jawo wa kaina.

Auwalu ɗana, da bai gama koyon tuƙi ba, ya aro ƙaton babur ɗin tseren nan, wai irinsa zai saya. Na ce, "Sauka in gwada, tun ba a haife ka ba nake hawa."

Na murɗa totur yadda nake yi wa tsohuwar roba-robata, wadda sai an lallashe ta take tashi. Ashe wannan ba ya jiran lallashi. Hulata ta yi gida, ni na yi hanyar Darki, ina ihu, "Ya Allah ka tsayar da shi, zan yi azumi bakwai!" Laka ce ta tsayar da mu.

Auwalu ya ciro ni. Ya ce, "Baba, na fasa. A ba ni roba-robar."

Alhamdu lillahi. Gwiwa ta kumbura, amma gara tawa da wuyansa.

Saura azumin. Na ce uku na ambata, Malam Iro ya ce, "Bakwai dai, Alhaji. Har albasa ta ji."

Litinin zan fara.