Kibiyoyin Edoda

Tutiyi, ƙarshen kaka

Zuwa ga yayata Olli,

Gaisuwa mai yawa daga ƙanwarki Lusinda, tare da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Wilson da yara. Mahalicci ya tsare ku a can Talikwa, ya ƙara miki ƙarfin guiwar da kika ce tana damunki. Mu nan lafiya lau. Masara ta yi kyau, ganyen tsauni ya yi ja ya zube, maigidana Enos ya gama gyaran rufin kicin, ni kuma ina nan ina fama da saƙar kwanduna.

Yaya, na san ranki ya ɓaci da jinkirin amsata kan maganar mahaifinmu, Edoda. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta taɓa shi bara kike cewa a kawo shi wurinki, inda asibiti ke kusa kuma gida ba hawa ba gangara. Gaskiyarki ce, ni ma haka na gani. Amma ranar da na karanta masa saƙonki, sai ya dubi hannunsa na hagu da ya ƙi biyayya. Can ya ce a bar shi ya ga lokacin farautar bana tukuna. In ya kawo barewa da baka da kibiyar da ya yi da kansa, to a ƙyale shi a gidansa. In lokacin ya wuce bai kawo ba, a sa shi a mota, ba zai ce uffan ba. Na yarda ne don na tabbata ba zai iya ba. Mutumin da cokali ke faɗuwa daga hannunsa!

Tun da bazara, duk ranar da na gangara bakin kogi yankan kyauron kwando, sai ya biyo ni da sandarsa yana nuna waɗanda yake so. Ya ɗaure su dami ya rataye a rumfa har suka bushe. Daga nan kullum da hantsi yana bakin murhu, yana gasa kyauro a kan garwashi gaɓa bayan gaɓa, yana miƙar da shi. Da yake hannun ba ya riƙo, haƙori ya sa da guiwa. Ya ɗaga ya leƙa da ido ɗaya, ya mayar wuta, ya sake leƙawa. Gashin talo-talon daji guda biyu yake ɗaura wa kowace kibiya, kamar yadda kakanmu ke yi, da jijiyar barewa da ya tauna har ta yi laushi. Fere dutsen bakin kibiyar ne ya fi ba shi wuya. Yana matse dutsen tsakanin cinyoyinsa, yana danna shi da tsinin ƙaho, ɓarɓashi na tashi. Ya fasa da yawa, ya yanke yatsu ba adadi. Na ce ya bari Enos ya taya shi, ya ce Enos ya je ya taya matarsa surutu.

Kawu Jona kuwa kin san shi da surukin nasa. Kullum yana zaune a kan kututture yana shan kofi yana tsokana. Ya ce, "Kai tsoho, barewar da za ka samu da wannan hannun, sai dai ka roƙe ta ta zo ta zauna a kan kibiyar da kanta." Edoda bai ko ɗaga kai ba ya ce masa ai shi ko da hannu biyu lafiyayyu, abin da ya taɓa harbowa a duniya shi ne tayar motar fasto.

Abin da ya sa ni hawaye shi ne bakan. Kin tuna baƙin bakansa, wanda tun muna yara ba mai taɓawa? Ya gwada ja, tsirkiya ta ƙi zuwa ko rabi. Sai ya ɗauki wuƙa ya fara kankare shi, yau kaɗan gobe kaɗan, har ya rame ya dawo daidai ƙarfinsa na yanzu. Na ce, "Edoda, ai ka kashe shi, yanzu ba zai kai nesa ba." Ya ce ba bakan ne zai yi tafiyar ba, barewar ce za ta zo.

Da lokaci ya yi, ni nake raka shi, don ban yarda ya hau tsauni shi kaɗai ba. Mun yi ta fita muna dawowa hannu rabbana. Sau ɗaya wata barewa ta gifta ya saki, kibiya ta faɗi a ƙasa tun kafin ta kai. Ranar bai ci abinci ba. Na fara ninke masa kaya a ɓoye.

Ana saura kwanaki kaɗan a rufe farauta, da sassafe ya gangara rafi ya fuskanci gabas ya wanke fuska da ƙirji da ruwan nan mai yanka ƙashi, sannan ya turara tufafinmu da hayaƙin ganye don kada a ji warinmu. Muka hau zuwa kwarin da ke bayan tsohuwar gonar Inna, inda manyan itatuwa ke zubar da ƙwayoyin da barewa ke so. Ya zauna ya jingina da wani faɗaɗɗen gungume dab da turbarsu, ni ya ajiye ni can baya cikin kurmi. Hazo ya cika kwarin. Yaya, ban taɓa ganin ɗan Adam ya zauna shiru irin haka ba. Ƙafafuna suka mutu, hancina ya daskare, shi ko ƙifta ido ban ga yana yi ba. Har wani ƙaramin tsuntsu ya sauka a kan bakan, ya gyara gashinsa, ya tashi abinsa.

Sai hazo ya buɗe, ga shi tsaye. Namijin barewa ne babba, wuyansa kamar turmi, ƙahonsa ya yi rassa. Ban ji zuwansa ba ko kaɗan. Yana tafe yana tsintar ƙwaya, yana ɗaga kai yana shaƙar iska, har ya zo kusa da Edoda, kusan da in ya miƙa sandarsa zai taɓa shi. Ina ganin tururin numfashinsu su biyu yana haɗuwa. Barewan ya juyo ya kalle shi ido cikin ido, bai gudu ba. Na ga hannun hagun nan yana tasowa da baka yana karkarwa kamar ganye, zuciyata ta ce shi ke nan. Sai karkarwar ta tsaya cak. Wallahi da idona na gani. Ƙarar sakin ba ta fi ta tsinkewar zare ba. Barewan ya yi tsalle ɗaya, ya gangara da gudu, kafin ya kai bakin rafi ya durƙusa ya kwanta.

Na kama Edoda muka gangara a hankali. Kibiyar ta shige bayan kafaɗa har gashinta. Ya durƙusa da ƙyar, ya ɗora tafinsa a goshin dabbar, ya zuba taba a ƙasa, ya fara magana da harshenmu, irin tsohuwar maganar da rabona da jin ta tun rasuwar kaka. Yana ba shi haƙuri, yana gaya masa su wa za su ci namansa, yana kiran sunayenmu ɗaya bayan ɗaya, har da naki da na yaranki. Duk dajin ya yi tsit, sai ruwa. Ni dai na tsaya tsigar jikina na tashi, na rasa ko a coci nake ko a daji.

Da Enos ya je ya sauko da barewan a kafaɗa, Kawu Jona ya miƙe ya cire hula. Sai ya ce, "To, tsoho ya gamu da tsoho, ɗaya ya ji tausayin ɗaya." Amma na ga yana share ido da bayan hannu. An raba nama ga tsofaffin unguwa, na dafa sauran da burodin wake, gida ya cika har tsakar gida.

Washegari na ce masa to ya yi nasara, zan rubuta miki cewa yana nan. Ya ce a'a, in rubuta cewa yana zuwa. Na saki baki. Ya ce, "Da ma ba zuwan nake ƙi ba. Ba na so ne a ɗauke ni kamar buhun masara. Yanzu da ƙafata zan je gidan 'yata, baƙo mai tsaraba." Zai yi sanyin bana a wurinku, in ya ga dama ya ƙara. Don haka ki gyara ɗaki, muna tafe kafin Kirsimeti, da busasshen nama da fatar da yake jemewa yanzu haka.

Ki gaishe mini da Wilson, da Nansi da Lewi, da Gwaggo Sela in kin leƙa ta. Enos da Kawu Jona suna gaisuwa. Edoda ya ce a gaya wa Wilson ya rage tumbi, don akwai dajin da zai nuna masa.

Mahalicci ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki har kullum,
Lusinda