Keken Hadiza Zai Iso Hannunka

Zuwa ga jikana, maigidana Bashiru,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya aiki, yaya zafin Kano? Mu nan Bagudo lafiya lau, sai gwiwata.

Ƙanwarka Hadiza ta ga keken ɗinki a waya, mai kyau da araha. Da muka ji kuɗin kawowa Bagudo, sai na dafe ƙirji, ka ce a jirgi za a ɗauko shi! Amma cikin Kano kyauta masu sayarwa suke kaiwa, sai na ce ta saya ta rubuta unguwarku.

To, miji mai gudun gida, Hadiza ta riga ta karɓi ɗinkin Sallar matan garin Illo. In keken ya iso hannunka, kada ka ba direba. Ka taho da shi da kanka, in gan ka. Na aje maka busasshen kifi.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida abokan zamanka.

Kakarka,
Inna Kulu