Tabar Wiwin da Kuka Ƙona a Filinmu, Mu Muka Shaƙe Ta

Zuwa ga Shugaban Lajnar Unguwarmu,
Baffa Alhaji Babikir,
Gadarif.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran dattawan lajna, kwamitin unguwarmu, ni ne Haruna mai agashe, tsiren nan da nake gasawa a tukubata ta bakin filin unguwa, ɗan amininka Malam Sale. Na yi zarya gidanka har karen maƙwabcinka ya daina yi mini haushi, kullum sai a ce kana wajen taro. Shi ya sa na rubuta wannan, na sa aka liƙa a ƙofar masallaci, tunda maganar ta shafi kowane hanci da ke unguwar nan.

Zan fara da yabo. Tabar wiwin nan, wadda mutanen gari ke kira bango, da aka tono ƙarƙashin buhunan dawa a lorin da ya fito ta hanyar Simsim, kama ta aikin lada ne. Ba uban da ke son ta shiga aljihun ɗansa. Ƙorafina kan yadda kuka ƙona ta ne, ga shi dalla-dalla.

Na ɗaya, wuri da lokaci. Kun zaɓi filinmu, tsakiyar gidaje, ranar Juma'a bayan la'asar. An jibga tarin da ya kusa tsayin mutum, an yayyafa kananzir, an yi kabbara, ka yi jawabi mai daɗi kana ɗaga sanda. Ku kuna tsaye ta kudu, inda iska ke fitowa, wuta na kamawa kuka hau mota kuka tafi. Mu muna arewa. Ganyen kuwa ya sha raɓar ƙarshen damina, don haka bai ci da wuta ba, sai ya yi ta tuƙa hayaƙi mai kauri, yana rarrafe ƙasa-ƙasa yana bin lunguna har bayan magariba.

Na biyu, ba a aika kowa ya gaya wa mutanen cikin gida abin da ake ƙonawa ba. Baffa, a nan aka haife ka, ka san mu da hayaƙi a lokacin sauro. Kowace yamma kashin shanu da ɗanyen ganyen darbejiya muke turarawa, wanda hayaƙin maƙwabci ya faɗo gidansa ma godiya yake yi. To, da mata suka ga hayaƙi ya taso daga fili, kuma sun ji motar lajna, sai suka ɗauka maganin sauron nan ne da kuka daɗe kuna yi mana alkawari. Aka buɗe ƙofofi da tagogi. Aka ɗauko faifai ana fifita shi har ƙarƙashin gado. Inna Hajara, maƙwabciyarmu, ta kwance awakinta ta kora su cikinsa saboda ƙudan da ke damunsu. Matata Sa'adatu, da ganin yadda sauro ke cin Baba, ta jawo angaribinsa, gadon igiyar da yake kwana a kai, ta ajiye a bakin ƙofa daidai inda hayaƙin ya fi kauri. Ran nan lajna ta sha addu'ar da ba ta taɓa sha ba ko a ranar rabon sukari. Ni ina tukuba, na san abin da ke ci, amma na ɗauka sama zai yi kamar kowane hayaƙi.

Na uku, abin da ya yi wa jikinmu. Idanu suka fara kaɗawa, kowa ya yi jajur. Sai baki ya bushe, harshe na manne wa ganɗa, kafin faɗuwar rana an kwashe ruwan randunan layinmu kaf. Malam Idi tela, mutumin da tun ina yaro ban taɓa ganin haƙorinsa ba, ya zauna a kan dakali yana nuna wani jaki yana dariya har da hawaye, jakin kuwa tsayuwa kawai yake yi. Awakin Inna Hajara suka kwanta a jere suna kallon katanga. A sallar magariba, da aka yi sallama aka rasa mutum biyu da za su yarda a kan raka'a nawa aka yi, sai da liman ya ce a sake, Allah ya karɓa. Daga nan yunwa ta sauko. A nan dole in faɗi gaskiya, ni ne na ci moriyar taronku. Naman da kan kai ni har isha'i ya ƙare kafin in juya, aka cinye albasa, aka lashe ƙuli-ƙulin da ke tire, wani dattijo da ba zan faɗi sunansa ba ya roƙi in sayar masa da takardar naɗe naman don akwai maiƙo a jikinta. A gidaje tukwanen da aka ajiye don ɗumame ba su kwana ba.

Na huɗu, ba kowa ya yi dariya ba. Inna Hajara tsoro ne ya kama ta, ta ce ƙafafunta sun yi nisa da ita, ta tara jikoki tana barin wasiyya, sai washegari ta dawo daidai ta karɓe zannuwan da ta rabar. Wannan ma yanzu abin raha ne. Na Baba ne ba abin raha ba.

Ka san ciwon zuciyar da yake fama da shi tun shekarar da ya bar noma. Da na rufe tukuba na shiga gida, na same shi zaune dafe da ƙirji, gumi na zuba, tari ya sarƙe shi. Na ɗora hannu, na ji zuciyar tana bugu kamar ana sussukar dawa. Ya yunƙura zai tashi, jiri ya kayar da shi. A karo, keken jakin nan, muka kai shi asibiti, ina riƙe da kansa, kuma wallahi ban taɓa jin tsoro irin na wannan tafiyar ba. Sa'adatu tana biye da mu ba takalmi, tana kuka tana cewa ita ta kashe shi da hannunta.

Likitan da ya duba shi ya yi mini bayanin da na so a ce kai ma ka ji. Ya ce abin da ke cikin ganyen nan daga huhu yake shiga jini, ya hau kai ya rikita tunani da lissafi, ya kuma sa zuciya gudu alhali jinin na iya sauka, shi ya sa jiri. Ya ce ba ya yi wa mutane iri ɗaya, wani dariya, wani firgici, kuma jikin saurayi kan ture shi zuwa safe, amma tsoho mai raunin zuciya, da mai asma, da mai ciki, da jariri, ba a wasa da su. Ya kuma gaya mini ƙarara cewa zuciyar Baba ta sha da kyar, kada in bari ta sake gamuwa da irin wannan. An sallamo mu, alhamdu lillahi. Yanzu yana cin abinci, har yana tsokanar Sa'adatu cewa ita ce ta fara ba shi wiwi da tsufansa. Amma daga ɗaki zuwa bakin rijiya sai ya huta a hanya, sallah ma a zaune yake yi.

Na biyar, kuma shi ne dalilin rubutun nan. Na ji daga bakin mai gadin ofishinku cewa abin da aka ƙona rabi ne, ragowar na nan a sito, kuma Juma'a mai zuwa za a sake taro a filin nan, mafi girma, da baƙi daga sama.

Don haka ina roƙo, da girman Allah da girman zumuncin da ke tsakaninka da Baba. A kai ragowar can bayan gari, nesa da gidaje da gonakin da ake yankan riɗi, a duba inda iska ta nufa kafin a kyasta ashana. Baƙin suna da motoci, tafiyar ba za ta gagare su ba. A sa mai shela ya zaga ya wanke mata daga zargin kansu, don har yau akwai masu jin kunyar fita. A kuma gayyato ma'aikacin lafiya ya zauna da samarinmu, musamman masu tafiya aikin gona, ya gaya musu abin da tabar nan ke yi wa ƙirji da ƙwaƙwalwa. Bulala suka sani, wannan bayanin ba su taɓa ji ba, kuma yanzu da suka ga Baba za su saurara.

Na yi niyyar in ba a sauya wuri ba in ɗauke shi ranar Alhamis zuwa wajen yayata a Doka. Na gaya masa, ya ƙi. Ya ce a gidan nan mahaifinsa ya sauke kaya ya zauna a hanyarsa ta zuwa Makka, a nan ya binne mahaifiyata, ba zai tsere daga ɗakinsa saboda wutar da amininsa zai kunna ba. Ya ce in gaya maka ya yarda da kai, zai zauna. Ni ba ni da ikon ɗaga shi, Baffa. Ranar Juma'a yana ɗakin nan mai kallon fili, sauran yana hannunka.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya yi riƙo da hannunka a wannan shugabanci, ya tsare zuri'arka da tamu daga wannan ganye, a aljihu ko a iska. In ka zo duba Baba, agashenka na nan a ajiye, da yaji kaɗan yadda kake so.

Wassalam.

Ɗanka,
Haruna mai agashe.